Yaya, Ga Amsar Maganar Karen Amurka

Assalamu alaikum Yaya. Ina gajiya, ya iyali, ya ƙarfin jikin Inna? Na san yanzu hunturu ya kankama a Sakkwato, an gama sussuka, ganga ta fara kiran mutane daji. Mu nan jihar Bajiniya ta Amurka ranar Asabar ta farko a watan Janairu aka rufe harbin barewa da bindiga, an maida karnuka keji, shi ya sa na samu sukunin zama in ba ka amsa a tsanake.

Saƙon muryarka na WhatsApp sau uku na saurare shi. Ka ce: "Karnukan ga da nig gani ga bidiyon da kat turo, masu manyan kunnuwa, ka samo muna ko guda, mu gani in nama za shi ƙara tsere muna." Ba kai kaɗai ba, mutum uku daga cikin 'yan farautar unguwarmu sun aiko mini da irin wannan roƙo, don haka na rubuta a fili kowa ya gani. Amsata ita ce ba zan aiko ba, kuma wallahi ba rowa ba ce. Kuɗin da za a kashe kafin kare ɗaya ya taso daga nan ya sauka Sakkwato na yarda in kashe su a kan farautarku, amma ta wata hanyar. Ka daure ka karanta har ƙarshe, ka kuma karanta wa Kawu, don shi zai fi kowa gane inda na dosa.

Da dabbar zan fara, tunda ita ce ke zaɓar wa maharbi kare. Abin da mu Hausawan nan muke kira barewa ba barewarmu ba ce, rashin suna ne ya sa. Namiji babba yakan kai kilo 60 ko 70, wani ya wuce, alhali tamu mai jan goshi da ƙyar take haura kilo 30. Ƙahonsa rassa-rassa ne kamar busasshen reshen aduwa, duk shekara yake zubar da shi a ƙarshen sanyi sabo ya tsiro, mace kuwa ba ta da shi. Ƙarƙashin wutsiyarta fari fat, in ta firgita sai ta ɗaga ta, farin nan shi kaɗai za ka hango yana ɓacewa cikin itatuwa. Barewarmu 'yar fili ce, dogaronta ido da ƙafa, ta hango ka tun daga nesa ta ba ka rata. Wannan kuwa 'yar duhuwa ce. Yini take yi kwance cikin sarƙaƙiya da dausayi inda ba ka ganin abin da ke gabanka taku ashirin, sai almuru ta fito gonar waken suya ko ta masara ko ta gyaɗa. Za ka yi mamaki, gyaɗa da auduga ake nomawa a yankin nan kamar a gida, sai dai ƙasar a jiƙe take kusan duk shekara.

Inda nake, kudu maso gabashin jihar Bajiniya ne, ba nisa da garin Safok da babbar fadamar da suke kira Dismal. Ka san aikina jan babbar mota ne, ina ɗaukar gungume daga daji zuwa injin katako. A wurin aikin na haɗu da wani dattijo Bature da ya haura shekara sittin, wanda ya gaji farauta da kare tun daga kakansa. Da ya ji daga gidan da na fito, sai ya ja ni cikin ƙungiyarsu, bana kaka ta uku ke nan ina fita da su. Kada ka ɗauka duk Amurka haka ake yi. Jihohi ƙalilan ne suka yarda a kori barewa da kare, akasarinsu na kudu, irin su Karolina ta Arewa da ta Kudu, Jojiya, Fulorida, Alabama, Misisifi da Luwiziyana. Tekzas ta hana tun 1990. A Bajiniyar ma sai gabas da duwatsun Bulu Rij, yamma da su haramun ne a doka, kuma ran Lahadi ba a sakin kare bayan barewa ko a gabas ɗin.

Yadda suke fita ya yi kama da farautar gayya tamu ta wani ɓangaren, ta wani kuma ko kusa. Ƙungiya ce ke karɓar hayar daji daga kamfanin katako ko manyan manoma, kowa ya biya kasonsa duk shekara. Da asuba a taru a rumfar ƙungiya, shugaba ya raba wa kowa wurin tsayuwa a bakin hanyoyin da suka zagaye yankin da za a kora. Inda aka tsayar da kai nan za ka tsaya, ba ka gusawa sai an kira, don akwai mutum da bindiga a dama da hagunka. Dole kowa ya sa hula ko riga mai ruwan lemo ko ruwan hoda mai ƙyalli, doka ce, saboda kada a ɗauki mutum a matsayin nama. Daga nan masu karnuka su buɗe akwatin da ke bayan a-kori-kura su sake su. Shiru na ɗan lokaci, sai ka ji murya ɗaya can cikin dausayi, doguwa, mai kama da kuka, sannan sauran su amsa, dajin duka ya ɗauka. Yaya, ran da na fara jin wannan sai da tsigar jikina ta tashi, na tuna safiyar da Kawu ya fara ɗaukata daji ina riƙe masa gora. Dattijon nan yana jingine da mota yana faɗa mini sunan kowane kare daga muryarsa, ya ce wannan ta tayar, wancan ya rasa sawu, ga shi ya sake samu. Ta oba-oba suke sanar da juna inda kora ta nufa.

Abin lura a nan, karen ba ya kama barewar. Sau da yawa ko ganinta ba ya yi. Aikinsa ya sa hanci a ƙasa, ya bi warinta, ya yi ta haushi har ta gaji da zaman ɓuya ta ƙetare hanya inda mai bindiga ke jira. Namu kuwa ka sani, shiru yake tafiya a gefenka, da zomo ko gada ta zabura ido ya gani, ya miƙe kamar kibiya, ya cim mata, ya kayar. Sunan aikin ɗaya, farauta, amma ɗaya da hanci da murya yake ci, ɗayan da ido da ƙafa.

Wanda ka gani a bidiyo, mai fari da baƙi da ja, shi suke kira Woka. Jinin karnukan korar yanyawa ne da aka kawo daga Ingila tun kafin ƙasar ta samu 'yanci. Shugabansu na farko ma, Joj Washintan, ɗan Bajiniya ne kuma mai kiwon irinsu, har a 1785 aka aiko masa da wasu daga Faransa. Jihar ta ɗauki karen korar yanyawa a matsayin karenta na alama a 1966. Woka yakan yi kilo 25 zuwa 30, ga dogayen ƙafafu, ga numfashi, yana iya yini yana kora. Shi ya fi yawa a kejin mutanen nan. Amma dattijon ya ce mini ƙarfin nan nasa shi ne kuma aibinsa. Yana matsa wa barewa lamba har ta miƙe gudu sosai, ta fice daga dajin da kuka yi haya, ta ƙetare kwalta, ta faɗa gonar wanda bai san da ku ba, karnuka na biye. Mai bindiga kuma ya ga nama ya wuce shi kamar walƙiya, ya yi harbin gaggawa, ya raunata dabba bai kashe ba.

Saboda haka da yawa suka koma kan bigul, ɗan guntun nan da bai wuce gwiwa ba, wanda asalinsa karen zomo ne, kilo goma da 'yan kai. Ba shi da saurin da zai razana barewa. Sai ta riƙa tafiya a gabansa tana tsayawa tana waiwaye, tana zagaye cikin dajinta ba ta fita, ta iso wa maharbi a hankali ya samu damar saiti. Cinsa kaɗan, kama shi da yamma ba wuya. Wasu suna haɗa jinin biyun don su sami matsakaici. Akwai kuma Fulot mai zane-zane kamar damisa, wanda wasu Jamusawa suka zo da kakanninsa Karolina ta Arewa a 1750, amma shi an fi sa shi bayan alade na daji da wata babbar dabba mai baƙin gashi, ƙarfin halinsa ya fi ƙarfin barewa. Na tambayi dattijon wanne ya fi. Ya ce tambayar ba ta cika ba, in fara gaya masa faɗin dajin, da nisansa da kwalta, da halin maƙwabta, sannan ya faɗi kare. Mai daji babba mai fadama ya ɗauki Woka, mai ɗan yanki tsakanin gidaje ya tsaya kan bigul.

Akwai wani aikin daban da ya burge ni fiye da korar, wato bin jini. In an harbi dabba ta gudu da rauni, sai a kawo kare ɗaya a igiya, a nuna masa inda jinin ya fara ɗiga, ya bi a hankali ko da dare ya yi. Jihohi da yawa da suka hana kora sun halatta wannan. Na ga wata 'yar ƙaramar karya mai gajerun ƙafafu ta kai mu kan namijin da aka harba tun la'asar, bayan isha, cikin ruwa har ƙauri. Ba don ita ba da naman ya ruɓe a banza, dabbar kuma ta mutu cikin wahala ba wanda ya amfana.

To yanzu ɗauki Woka ka sauke shi bayan Wurno ko wajen Gwadabawa a watan Fabrairu. Wari yana zama ne a inda akwai laima, kan ganye mai raɓa da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ko a nan, ranar da iska ta bushe ta yi ƙarfi, sai ka ji masu karnuka suna cewa yau hanci ba ya aiki, karnuka su yi ta dawurwura. Abin da su ke samu kwana ɗaya-ɗaya su yi ƙorafi, shi ne rayuwarmu wata shida. Fako da jigawa, ga iskar hunturu tana kwashe ƙura, ina warin zai tsaya? Idan ma ya samu sawun, haushinsa zai sanar da duk abin da ke cikin sabara da geza cewa ga ku nan, kuma a fili ba wata hanyar da za ka tare ka ce nan dabba za ta ɓullo. In ta miƙe, ba shi da gudun da zai kamo ta. Sannan ga zafi. Mutanen nan suna farauta ne daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Janairu, lokacin da ruwa ke daskarewa a kwano da safe. Kare mai wannan jiki, a ranar Sakkwato ta watan Afrilu da zafi ke haura 40, zai iya faɗuwa ya mutu a kora ɗaya. Tafin ƙafarsa ya saba da laka da ruɓaɓɓen ganye, bai san tsaidau da ƙarangiya ba. Kunnuwan nan da suka ba ka sha'awa, masu rufe ramin kunne, matattarar kaska ce da ƙuda, ko a nan kullum cikin wanke su ake. Kai da kanka ka ga yadda karnukan Turawa da masu kuɗi ke ajiyewa gadi a cikin gari suke ƙarewa in ba a tsaya musu da magani ba.

Bari in gaya maka abin da ke riƙe da karen nan a tsaye, don a bidiyo ba a nuna shi. Abincinsa na buhu ne, busasshe, an haɗa nama da hatsi da sinadarai, buhu mai kilo 23, kuma mai karnuka goma ba ya daɗewa bai buɗe sabo ba. Ko farauta ta wuce haka zai ci gaba da ciyar da su wata goma suna zaune. Doka ta ce duk kare da ya kai wata huɗu sai an yi masa allurar haukan kare, a ba ka takarda, ka kai ofishin ƙaramar hukuma ka sayi lambar da za a rataya masa a wuya. Tun yana kwikwiyo ana yi masa jerin allurai na zawon jini da sauran cututtukan da ke kashe mana 'ya'yan karnuka gida guda a mako ɗaya. Kowane wata akwai maganin wata tsutsa da sauro ke sa wa kare, tana zama a cikin zuciya, ga na kaska da ƙuma. Sannan abin wuya na kamfanin Garmin mai magana da tauraron ɗan'adam, wanda ke nuna wa mai kare a allon hannunsa inda kowanne yake, yana gudu ne ko ya tsaya. Allon da abin wuya ɗaya sun tasam ma dala dubu, kowane ƙarin kare kuma da nasa abin wuyan. Shi kansa kwikwiyon a tsakanin mafarauta ba shi ne mai tsada ba, wani ma kyauta ake ba ka. Riƙonsa ne ke cin kuɗi. Bara waya mai ƙaya ta yanke wa karen dattijon ciki, muka kai shi asibitin dabbobi da dare, aka ɗauki hoto, aka sa shi barci, aka ɗinke. Aikin ya yi kyau ƙwarai, cikin mako uku ya warke, amma kuɗin ɗinkin ya ninka abin da aka sayi karen. A kan wannan sai ka ɗora kuɗin jirgi, da akwatin tafiya, da takardun lafiya, da izinin shigo da dabba Najeriya, da doguwar hanya a mota daga Abuja ko Kano.

Ba komai nasu ne ya kwanta mini ba, kuma ba zan ɓoye maka ba. Karnukan nan da yawa wata goma suke yi cikin kejin waya, ba mai shafa kansu. Namu yana kwana a ƙofar zaure, ya san yaran gida, ya raka ka gona. Bayan an rufe farauta nakan ga ramammun karnuka a bakin hanya ina wucewa da mota, wasu ɓata suka yi, wasu kuwa mutanen banza ne suka cire musu abin wuya suka yar don ba su iya aiki ba. Masu farautar kirki suna jin haushin wannan ƙwarai. Ga rigima da masu filaye. Dokar Bajiniya ta ba mai kare damar shiga filin wani ya ɗauko karensa in bai riƙe bindiga ba, masu filaye kuwa ba sa so, shekara da shekaru ana ta ja-in-ja har kotu. Wajen nama ma sai Musulmi ya buɗe ido. Akwai mahautan da za ka kai wa barewa su feɗe su yanka su niƙa su ɗaure maka a leda, aiki tsaf, amma al'adarsu su haɗa da kitsen alade saboda naman ba shi da mai. Ni da hannuna nake gyara nawa. Ina yin bisimilla lokacin harbi, in na tarar da sauran rai in yanka, in kawo gida mu yi kilishi da ƙuli da yajin da Inna ta aiko. Da na ba su suka ɗanɗana, sai da suka nemi in koya musu.

Abin da ya sa na ƙara tsayawa kan ra'ayina ya faru ne a asibitin dabbobin nan, ran da muka koma cire zare. Wata mata ta shigo da kare a igiya, ja, siriri, dogo, ƙirji ya sauka, ciki ya ɗame, ana ƙirga haƙarƙarinsa, ga farin safa a ƙafa. Na miƙe tsaye ban sani ba. Yaya, kamar an ɗauko jar karyar Kawu ta da an ajiye a gabana. Na tambaye ta, ta ce sunan irinsa Azawak, daga ƙasar Buzaye, tsakanin Nijar da Mali. Na ce mata ni daga garinmu zuwa bakin iyakar Nijar bai kai tafiyar awa biyu a mota ba, kuma da irin wannan na tashi. Ta ce shekara guda ta yi tana jiran layi kafin ta samu, ta biya fiye da dala dubu biyu, kuma in sanyi ya yi sai ta sa masa riga. Babbar ƙungiyar masu rajistar karnuka ta Amurka sai a 2019 ta shigar da shi cikin littafinta, bayan Turawa sun fara kwasarsa zuwa Turai tun shekarun 1970. Tsayinsa ya fi na Woka, amma nauyinsa tsakanin kilo 15 ne da 25, fata ce da jijiya da huhu, jikin da zafi ba ya zama a cikinsa. Ba na cewa duk karen da ke yawo a Sakkwato Azawak ne, namu sun gauraya. Amma jinin yana nan a karnukan farautarmu, musamman na arewa wajen Illela da Gada da Tangaza, kuma ba wanda ya taɓa ɗaukarsa da daraja har ya tsaya ya tace shi.

Kawu ya san wannan tun ba a rubuta ba. Ka tuna ba ya karɓar kwikwiyo sai ya ga uwar tana gudu, yana cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ya duba zurfin ƙirji, ya matsa tafin ƙafa ya ga ko yatsun a dunƙule suke, ya jefa tsumma ya ga wanda zai bi da ido ba da wasa ba, ya tafa hannu ya ga wanda bai ruga ya ɓuya ba. Dattijon nan Bature, da na zayyana masa, ya ce shi ma haka yake yi, sai dai shi yana ƙarawa da sauraron murya. Kuma abin da Kawu ya fi tsanantawa a kai, wato kare ya tafi in an sake shi, ya dawo in an kira, kada ya ci abin da ya kama, shi ne horarren kare da malamai ke karanto mana a aya ta 4 ta Suratul Ma'ida da hadisin Adiyyu ɗan Hatim. Karen da ba ya jin kira sai an nemo shi da tauraron ɗan'adam, a wannan ma'aunin namu ya fi shi tarbiyya.

Inda suka yi mana nisa ƙwarai wuri biyu ne. Na farko lafiyar kare. A 2007 aka bayyana cewa Amurka ta rabu da nau'in ciwon hauka da ke yawo tsakanin karnuka, da allura kawai da dokar da ake bi. Mu kuwa har yau Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta mutum kusan 59,000 ke mutuwa da shi duk shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan duka daga cizon kare. Ba ka manta yaron maƙwabtanmu ba, wanda aka ɗaure wa gashin karen a kan ciwon aka ce ya isa, bayan wata guda ya fara tsoron ruwa. Har yau in na tuna kukan uwarsa ba na iya cin abinci. Allurar karnukan nan ana haɗa ta a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, jihar Filato, kuma ga asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a cikin garinmu. Wanda kare ya ciza, ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti goma sha biyar, ya nufi asibiti a ranar, kada ya jira.

Na biyu shi ne naman kansa. Ka ce nama na tsere muku. Yaya, tsakani da Allah, yaushe rabon da ku tayar da barewa? Ba zomo da kurege da zabo kuke dawowa da su ba? Mutanen nan ma sun taɓa kaiwa inda muke. Wajen 1930 barewar da ta rage a duk Bajiniya ba ta fi 25,000 ba. Suka sayo daga wasu jihohi suka saki, suka rufe harbi lokacin haihuwa, suka ƙayyade adadin da mutum ɗaya zai kashe. A 1937 gwamnatin tarayya ta ware harajin da ake karɓa kan bindiga da harsashi, aka ce kuɗin na gyaran daji da namunsa ne kaɗai. Yau ana harbe kusan 200,000 duk shekara a jihar nan kuma ba ta ƙarewa, har manoma na kuka, masu mota na karo da ita da dare. Kafin a ba ni lasisi sai da na yi darasi na ci jarrabawa, kuma duk wadda na harba dole in sanar da hukuma ta waya a ranar. Mu ma muna da dokar namun daji tun 1963, zamanin Jihar Arewa, kuma kafin ita akwai ta Sarkin Baka, wadda ta hana taɓa mai ciki da mai shayarwa. Muka bar duka biyun, muka riƙa cinna wa daji wuta don ɓera, gona ta cinye saura. Dajin Gundumi da Kawu ke ba mu labarin gwanki a cikinsa, yanzu ko mai itace ba ya shiga saboda 'yan bindiga. Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Ko na aiko maka da karen da ya fi kowanne hanci a duniya, ba zai shinshino abin da babu ba.

Ga abin da zan yi. Ƙarshen watan nan zan turo kuɗi ta hannun ƙanwarmu. Ka kwashi karnukanka biyar da na Kawu ka kai asibitin dabbobi a yi musu allurar hauka, a ba su maganin tsutsa da na kaska, ka karɓi kati ka adana, don duk shekara ake maimaitawa. Kada ka sayi allura a hannun mai yawo da ita cikin rana, in ta rabu da sanyi ta lalace, kuma kada a yi musu wanka da maganin kaskar shanu da ka, yana kashe kare. A ƙara musu nono da ƙashi da kayan ciki daga mahauta a kan dusa da ƙanzon da suke ci, musamman mai shayarwa. Akwai wanda zai taho gida kafin azumi, zan ba shi abin wuya na fata guda goma masu ƙyalli da dare, a rubuta lambar wayarka a jiki. Sauran kuɗin kuma, in hanya ta yi kyau, ku je Illela ran Lahadi kai da Kawu, ku yi cigiya wurin Buzaye da Fulanin da ke shigowa daga Ƙonni ko akwai mai karya ta gari da ta kusa haihuwa. Kawu ya ga uwar da idonsa kafin a yi magana, mace za ku ɗauko ba namiji ba, kuma in ta girma kada a bar ta ta haɗu da kowane kare na bola.

Ka ɗauko mini bidiyon uwar tana gudu, dattijon nan ya matsa yana son gani. Ka gaida Inna da Kawu da matanka da yara, ka ce wa Kawu ina neman addu'a. Wassalam, ƙanenka.